Fuskata a Kangon Wani

Ni dai ban yi boko ba. Ko sunana aka rubuta a bango, sai in yi masa sallama in wuce. Amma jan fenti ba ya buƙatar malami. Ranar da na dawo daga asibiti da maganin gwiwa a hannu, na tarar an gitta layi biyu ja a kan ƙofar gidana, fentin ko bushewa bai yi ba, yana tsiyaya kamar an yanka rago a jikin ƙofar, na san karatun. Kowa a unguwarmu ya san shi. Inda jan fenti ya sauka, katafila na nan tafe.

Ƙofar nan mijina ne ya ƙera ta, Allah ya ji ƙansa. Mai walda ne, kuma ya yi ta ne a shekarar da idonsa ya fara mutuwa, da lalube ya gama ta. Gidan ɗaki uku ne, na bulo da siminti. Bara mijin 'yata Auta ya shafe shi da shuɗin fenti ciki da waje. Akwai famfo, akwai fanka, ga farantin talabijin a kan rufi yana kallon sama kamar mai roƙon ruwa. Ba gidan attajiri ba ne, amma ko ƙusa ba ta motsi a cikinsa.

Unguwarmu tana canjawa, ban musa ba. An rushe layin masu gyaran rediyo an kafa wani bene na gilashi, in ka wuce sai ka ga kanka da ƙaton kai. Filin da muke shanya ya zama wurin ajiye motoci. Ban yi kuka ba, gari ba dutse ba ne. Hukumar sabunta unguwanni ta ce gidajen da suka ruɓe kaɗai za ta taɓa, na ce madalla, ruɓaɓɓu kam muna da su. Ga ɗaya nan manne da ni: kangon da mai shi ya rasu, magada suka kasa shiryawa, rufi ya rufta, awaki suka gaje shi.

Na tsaya ina kallon ƙofata, ina kallon kangon. Ko ɗigon ja babu a jikinsa.

Mai Faci, wanda rumfarsa ke tsallaken titi, ya taso yana goge hannu a riga.

"Iya, sai haƙuri."

"Uban wa ya yi wannan?"

"'Yan hukuma ne, su biyu. Da hoto suka zo. Suka ce ina gidan tsohuwar nan? Na duba, na ga ke ce, na nuna musu."

"Ka nuna musu."

"To Iya, gidanki suka tambaya. Ɗayan ma sai da ya ce, kai, gidan nan da kyau yake. Ɗayan ya ce, mu dai namu fenti."

"Wane hoto?"

Ya sosa ƙeya. "Na Durƙusau."

To bari in koma baya, don a san wanene Durƙusau.

Watannin baya wani saurayi ya riƙa yawo a unguwar, da gemu kamar tsintsiyar da ta ƙare, da jakunkuna a kafaɗa, wandonsa a yage a gwiwa biyu. Na ɗauka talauci ne, har na ce wa Auta ta ɗinke masa sadaka, ta ce a haka ake sayar da shi. Mai hoto ne. Bai taɓa ɗaukar hoto a tsaye ba. Ko kare zai ɗauka sai ya zube a ƙasa ya karkace wuya, shi ya sa Mai Faci ya raɗa masa Durƙusau.

Ya iske ni ina wanki. Ya gaishe ni da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce yana tattara tarihin unguwar ne kafin ta ɓace.

Na ce, "Ina za ta?"

Ya yi dariya, ya ce yana son hotona. Na ji daɗi. Rabona da hoto tun auren Auta. Na ce ya jira. Na shiga na saka kayana na fita, na ɗaura 'yan kunnena, na fesa turare, duk da na san ba ya fitowa a hoto. Na jawo farar kujerata ta roba na dasa a bakin ƙofa, na zauna na buɗe haƙora.

Yaron nan ya dube ni kamar an ɗura masa maɗaci.

"Mama, za a iya ɗauke kujerar nan?"

"Me ta yi maka?"

"Tana ɓata hoton."

Aka ɗauke kujera. Ya leƙa cikin kyamara, ya ce ƙofar tana ƙyalli da yawa. Ya matsa gefe, ya ce farantin talabijin yana shigowa. Ya koma ɗaya gefen, ya ce mitar wuta. Can ya ce, cikin sanyin murya, wai kayan da ya tarar da ni da su ɗazu sun fi.

"Na wankin?"

"Sun fi nuna ke."

Shekarata nawa a duniya, sai ranar na ji cewa tsumman wanki ne ni. Amma baƙo ne, kuma sa'an 'yata, na ce bari in bi yaro ya samu abin kai wa iyayen gidansa. Na koma na tuɓe, na mayar da na wankin. Da na fito sai ya ce haske ya fi kyau ta can, ya kama hannuna kamar makauniya, ya kai ni bakin kango, ya kori akuya, ya zaunar da ni a kan fasasshen bulo. Ya zube a ƙasa.

"Kar ki yi dariya, Mama. Kalli nesa. Kamar kina tuna wani abu."

Ina kallon nesa sai kuwa na tuna: na bar famfo a buɗe, baho na can yana ambaliya. Gabana ya faɗi. Sai na ji ƙyas.

"Shi ke nan!" in ji shi. "Shi ke nan, Mama!"

Na ruga na rufe famfo. Ban sake ganinsa ba sai bayan jan fenti.

Washegarin jan fenti na sa Auta ta rufe shagon ɗinkinta ta raka ni ofishin hukumar. Muka hau, muka sauka, aka ce ba nan ba, aka ce can. Daga ƙarshe aka tura mu ɗakin wani mai tumbi da ke zaune tsakanin tulin takardu da hatimi a gabansa, shi ya sa nake ce masa Mai Hatimi. Ban kai ga buɗe baki ba ya miƙe tsaye.

"Ke ce! Wallahi ke ce!"

Ya nuna bango. Kalanda ce, ga ni a jiki, baƙi-da-fari, cikin tsumman wanki, bayana bango ya tsage, kaina ba rufi, idona kamar wadda aka yi wa mutuwa. Ya leƙa waje ya kira abokan aikinsa, suka shigo suna gaishe ni, wata har ta rungume ni tana sharɓe.

"Baba, kin yi sa'a," in ji Mai Hatimi. "Shugaban hukuma da kansa ya ga hoton nan a wurin nunin hotuna. Hawaye ya yi. A gaban jama'a! Ya ce ba za a kai wani wata ba tsohuwar nan tana kwana a irin wannan wuri. Ke ce ta farko a waɗanda za a ceto."

"A ceto ni zuwa ina?"

"Sababbin gidaje, can bayan gari. Hawa na biyar. Iska kamar me."

Na dubi gwiwoyina. "Akwai injin nan da ke hawa da mutane?"

"An bar masa rami."

Na ce, "Ɗan nan, saurara. Wannan ba gidana ba ne. Kangon maƙwabci ne, na awaki. Gidana lafiyarsa lau, ya fi ka lafiya."

Auta ta fito da wayarta ta nuna masa hotuna: ga shuɗin bango, ga ƙofa, ga ni a tsaye. Ya karɓa ya duba da ƙyar, ya yi murmushin masu ilimi.

"Ƙanwata, wannan ai hoton waya ne. Kowa na iya zuwa ƙofar gidan wani ya tsaya a ɗauke shi."

Na ce, "Maimaita."

"Na ce kowa na iya..."

"Allah ya yi maka albarka. To abin da aka yi ke nan."

Bai gane ba. Na ce to ya taso mu je ya gani da idonsa, gani ya kori ji. Ya ce an rufe zagayen duba gidaje, ba a sake buɗewa sai baɗi. Ya ce hoton da ke bango na ƙwararre ne, hukuma ce ta ɗauki nauyin aikinsa, kuma hoton ƙwararre ba ya ƙarya. In akwai gyara, sai shi ƙwararren ya kawo wani hoton, ya kuma faɗa da bakinsa. In ba haka ba, ƙarshen wata katafila za ta zo, kuma shugaba zai zo da kansa ya miƙa mini makulli a gaban 'yan jarida.

"Ki saka kayan nan na hoton ranar," in ji shi. "Za su fi dacewa."

Auta ce ta ja ni waje. Da ba ta ja ni ba, da yau hatimin nan yana cikin cikinsa.

Ta nemo lambar Durƙusau. Ta kira bai ɗauka ba. Ta sake kira, ya ce yana taro. Muka tambayi inda ake nunin, muka hau mota.

Wani farin zaure ne, sanyi kamar ɗakin ajiye gawa, ba kujera ko ɗaya. Mutane suna tafiya a hankali, hannu a baya, suna magana ƙasa-ƙasa kamar an zo dubiya. Duk bangon unguwarmu ce, amma wallahi sai da na daɗe kafin in gane ta. Ga Mai Faci, wanda injin iskarsa ke hana mu barcin rana, an ɗauke shi yana fama da famfon keke, gumi na zuba. Ga mai askin layinmu, mai madubi daga sama har ƙasa, yana riƙe da wani ɓallin madubi da ban san inda aka samo shi ba. Ba mota, ba waya, ba yaro ɗaya mai takalmi. Kai ka ce yaƙi aka gama.

A bangon ƙarshe kuwa, ni ce. Na fi ƙofar zauren tsawo. Hancina kaɗai ya kai tulu.

"Auta, me aka rubuta a ƙasa?"

Ta kau da kai.

"Karanta, ba don wannan na kai ki makaranta ba?"

"An ce, Ta ƙarshe, a ƙofar gidanta."

Wata mata mai gilashi tana tsaye a gefena da hannu a ƙirji. Ta ce wa mijinta, "Dubi idonta. Duk baƙin cikin duniya yana ciki."

Na ce, "Famfo ne."

Ta juyo. Ta dube ni, ta dubi bango, ta ja mijinta suka matsa.

Sai ga Durƙusau ya fito daga wata ƙofa, wandon nan dai. Da ya gan ni ya buɗe hannu. "Mama! Kin ga kanki?"

"Na ga akuyar da ka kora ta fi ni sa'a. An shafa wa gidana jan fenti saboda kai."

Ya ja mu lungu. Auta ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ni ina cika mata inda ta yi sanyi. Ya dafe kai, ya ce bai sani ba, kuma na yarda bai sani ba, irinsu ba sa komawa inda suka ɗauki hoto. Na ce to magana ta ƙare, ya ɗauko jakarsa mu tafi.

"Mama, ki gane. Hoton nan ba gidanki yake nunawa ba. Gaskiyar unguwar yake nunawa."

"Gaskiyar unguwar aka shafa wa fenti, ko ƙofar mijina?"

Ya rage murya. Ya ce hoton ya shiga gasa, alƙalai na nan zuwa su duba. Ya ce a irin aikinsu akwai doka: ba a taɓa komai, ba a matsar da kowa, yadda ka tarar haka za ka ɗauka. In aka ji ya canja mini kaya ya kai ni wani gida, sunansa ya mutu.

Na ce, "Au. Ashe ka san haramun ne."

"Ba haka nake nufi ba. Ki bari a gama gasar, ni da kaina zan je in ga wani a hukumar, a yi abin a natse."

"Yaushe ake gamawa?"

"Farkon wata mai zuwa."

Kun ji fa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kyauta. Na juya na fita. A mota Auta sai kallona take yi, don ta san shiruna ba alheri ba ne.

Da safe na saka kayana na fita, waɗanda ya ce ba sa nuna ni. Na ɗaura 'yan kunne. Na sa mijin Auta ya ɗora farar kujerata a motarsa. Ana buɗe zaure na shiga da ita a ka, na dasa ta daidai ƙarƙashin hancina, na zauna.

Mai gadi ya taho. Na ce, "Taɓa ni. Ga masu kyamara nan sun cika ɗaki. Ka fitar da tsohuwar da ke bango da ƙarfi, gobe kai ne a bango." Ya tsaya, ya koma ya kira uwar ɗakinsa, wata siririya mai takalmi kamar ƙusa. Ta zo tana murmushi da haƙora kaɗai.

"Mama, nan ba a zama."

"Na lura. Shi ya sa na zo da tawa."

Duk wanda ya tsaya gaban hoton, sai in yi masa sallama. In ce, ni ce wannan. Wancan bangon ba nawa ba ne, na awaki ne. Waɗancan kayan na wanki ne. Wannan kujerar da kuke gani ita aka kora don tana ɓata hoto. Abin da ke idona kuwa famfo ne na bari a buɗe. Kuma saboda wannan hoton ƙarshen wata za a rushe mini gida mai ɗaki uku.

Na zaci za su ji kunya. Ina! Wasu suka tafa mini. Wani dattijo mai jakar fata ya ce bai taɓa ganin nuni mai rai irin wannan ba, ya tambayi mai gadi ƙarfe nawa ake sake yi. Wata yarinya ta durƙusa ta ɗauki hoton kujerar. Kafin azahar sai ga Siririya da lemo a faranti, tana tambayata ko zan yarda a manna 'yar takarda a jikin kujerar, a rubuta sunan aikin.

Na ce, "Manna a goshinki."

Amma lemon na sha.

Durƙusau bai fito ba ranar. Ina hango gemunsa ta tsagar ƙofa, yana leƙe yana komawa. Washegari na dawo. Wanshekare na zo da Mai Faci, don shi ma yana da bashin nuna gidana da zai biya da bakinsa. Ya tsaya gaban nasa hoton yana ba da labarin yadda aka sa shi ya tura injinsa bayan rumfa aka rufe da buhu, aka aro famfon keke a wurin maƙwabci, aka ce ya yi ta bugawa har sai gumi ya fito. Mai Faci in ya samu masu saurare ba ya gajiya. Har kwaikwayon durƙuson yake yi. Zauren da ake raɗa a cikinsa ya koma kamar tasha.

Da yamma, mutane sun ragu, sai ga Durƙusau. Ya zo gabana ya zube. Wannan karon ba kyamara a hannunsa.

"Mama, don girman Allah. Jibi alƙalai za su zo."

"Madalla. Ka ce su zo da kujerunsu, labarin da tsawo."

"Me kike so?"

"Tun ranar farko na faɗa maka. Kunnenka ma baƙi-da-fari ne?"

Washegari ya zo gidana da rana tsaka, lokacin da na yanka masa. Yana sauka daga mota ya dubi sama ya ɓata fuska, ya ce hasken nan ba shi da kyau, ba inuwa, komai zai fito fili, a bari sai la'asar.

Na ce, "Filin nake so."

Sai idonsa ya faɗa kan ƙofar. Na ga bakinsa ya buɗe. Jan fentin ya bushe a kan baƙin ƙarfe, ga shuɗin bango a gefe. Gwiwarsa ta fara lanƙwashewa da kanta, hannunsa na laluben kyamara. "Kai," in ji shi a hankali, "dubi yadda jan nan ya..."

"Tashi! Yau a tsaye za ka yi aiki, kamar mutane."

Na kama hannunsa yadda ya kama nawa. Na kai shi tsakiyar titi, Mai Faci ya tsare motoci. Na ce ya ja baya. Ya ƙara ja. Ina son farantin talabijin, ina son mitar wuta, ina son kangon ma ya fito a gefe da awakinsa, don a ga inda nawa ya ƙare na wani ya fara. Na ce da kala, in na ga baƙi-da-fari sai na fasa abin. Na sa Auta ta buɗe famfon waje ya yi ta zuba. Na dasa kujerata a bakin ƙofa, na zauna, na gyara 'yan kunne.

Ya leƙa, ya ɗago kamar zai yi kuka. "Mama, wannan ai hoton dillalan gidaje ne."

"Kar ka yi dariya," na ce masa. "Kalli nesa. Kamar kana tuna alƙalai."

Ni kuwa na buɗe haƙorana duka, har waɗanda babu.

Daga wurin wanke hoto ban bar shi ya je ko'ina ba, sai ofis. Mai Hatimi ya ɗora sabon hoton a kan tebur, ya dubi kalanda, ya dubi hoton, ya dubi Durƙusau.

"Wannan ma kai ka ɗauka?"

"Ni ne."

"To wanne ne gidanta?"

Yaron ya fara zagaye-zagaye, wai kowane hoto da irin gaskiyarsa. Na taka masa ƙafa.

"Mai shuɗin," in ji shi.

Mai Hatimi ya jingina da kujera, ransa a ɓace. Ba gidana ne ya dame shi ba. "Yanzu kana nufin shugaba ya yi hawaye a banza? Wa zai gaya masa? An riga an gayyaci 'yan jarida. An ɗauko katafila."

Na ce, "Ga kango nan, ku rusa, magada ma su huta da faɗa. In shugaba na son wanda zai miƙa wa makulli, akwai akuya mai ciki."

Ya daɗe yana juya hatimi a hannu. Daga baya ya jawo wata takarda, ya ja layi, ya buga. Auta ta leƙa ta karanta, ta gyaɗa mini kai. Sai a lokacin na ji gwiwoyina sun tuna suna ciwo.

Ya ce za a turo masu fenti su shafe jan da baƙi. Na ce ko kusa, na ga aikin masu fentinsu, sai su je su shafe ƙofar wani. Wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Ranar da ya zo gogewa unguwa ta sha kallo. Na ba Durƙusau fetur da tsumma da samfefa. Ya durƙusa a gaban ƙofar mijina tun hantsi, yana gurza, gumi na bin gemu. Mai Faci ya kawo benci ya zauna yana ba shi shawara. Mai aski ya fito da wayarsa yana ɗauka, yana ce masa, "Kar ka yi dariya, maigida, haske ya yi kyau." Ni ina kan kujerata. In ya ce ya gama, in nuna masa wani wurin da sanda.

Ƙarshen wata katafila ta zo ta kwashe kangon. Shugaba bai zo ba. Na tsaya a jikin bangona tun daga farko har ƙarshe, ina nuna wa direban iyaka, don na daina yarda da idon ma'aikata.

Kada wani ya ce yaron ya yi asara. Auta ta gani a waya: ya rataye sabon hoton kusa da tsohon, ya rubuta dogon bayani cewa da ma aikin nasa a kan yadda hoto ke yaudarar ido ne. Alƙalai suka ce ba su taɓa ganin mai gaskiya irinsa ba. Har ya aiko a tambaye ni ko zan sayar masa da kujerar. Na ce a gaya masa ina kai.

Saura kalanda. Har yau tana rataye a ofisoshinsu, ina zaune a kangon awaki da tsumman wanki, duk wanda ya shiga neman hatimi sai ya ga uwar Auta a haka. Na je na ce su cire. Mai Hatimi ya ce ba a cire kalanda sai shekara ta ƙare. Na ce to, ina da kujera, kuma na san hanya.

Ƙofar dai tana nan. A lungun da mijina ya haɗa ƙarfe da ƙarfe, inda waldar ta yi kauri don lokacin ba ya gani sosai, jan ya maƙale, samfefa ba ta kai ba. Mijin Auta ya ce zai bi da baƙin fenti. Na ce a bari tukuna. Duk mai jaka da kyamara da ya sake yi mini sallama, nan nake fara nuna masa kafin in ba shi ruwa.